AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tuntuɓen Harshe, Wanne Ne Na Dariya, Wanne Ne Na Asibiti?

A wannan mako mun haɗa wasiƙu 3 wuri ɗaya, domin dukkansu daga arewacin Jihar Zamfara suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato rikicewar magana a baki.

Ta farko daga wani mai sayar da hatsi ce a Shinkafi. Ya ce shi dai ranar kasuwa in ciniki ya yi zafi sai bakinsa ya riƙa juya masa magana. Ya so ya ce wa yaro ya zuba gero cikin buhu, sai ya ji ya ce a zuba buhu cikin gero, jama'a su yi ta dariya. Yana tambaya ko ciwo ne. Ta biyu daga wata uwa ce a Ƙauran Namoda. Ɗanta mai shekara 4 ya fara in'ina, maƙwabta kuma sun ce ta kai shi wurin wanzami. Ta uku daga wani manomi ce a ƙasar Zurmi. Ya ce wata rana da hantsi maganar mahaifinsa ta dagule, yana nuna buta yana cewa takalmi, hannunsa na dama ya yi nauyi, amma kafin azahar ya warware sarai. Dangi sun ce iska ce ta taɓa shi.

To, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma kai Malam na Zurmi, kada ka jira sai mun zo kanka. Ka kai Baba asibiti tun yanzu, ko da kuwa yana zaune yana hira lafiya lau. Dalili yana nan tafe.

YADDA MAGANA KE FITOWA

Da farko dai ya kamata mu san cewa magana ba daga harshe take farawa ba. Harshe ɗan aike ne, ƙwaƙwalwa ce mai gida. Kafin ka buɗe baki ta riga ta zaɓo kalmomin, ta jera su, ta aika wa leɓe da harshe da maƙogwaro da ƙirji umarni. Masana sun ce tsokoki wajen 100 ne ke aiki tare in mutum yana magana, kuma a hira ta yau da kullum yakan furta kalma 2 zuwa 3 a daƙiƙa ɗaya. Ka ga kuwa duk aikin da ake yi da irin wannan sauri, dole wata rana a yi tuntuɓe. Abin mamaki ma shi ne ƙarancin kuskuren, domin an ƙiyasta cewa mai lafiya kan yi suɓul da baka kamar sau 1 ko 2 ne kacal a cikin kalma 1,000.

Alhaji na Shinkafi, ka lura da irin kuskuren naka. Gero da buhu ne suka yi musanyar wuri, kuma dukkansu sunayen abubuwa ne. Ba ka taɓa musanya gero da "zuba" ba. Haka in sauti ne ya rikice, na farkon kalma da na farkon kalma suke musanya. Mai son tuwo da miya ya ce "muwo da tiya". Wannan yana nuna maka cewa tun kana faɗin kalmar farko, ta gaba tana nan a shirye tana jiran layi, sai kawai ta yi maka shigar sauri. Haka uwa za ta kira sunan 'ya'yanta uku kafin ta faɗo kan wanda take nufi, saboda duk sunayen a wuri ɗaya suke ajiye a kanta.

Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba a kanka farau ba. A Ingila an yi wani malamin Jami'ar Oxford mai suna William Spooner, wanda ya rasu a 1930. Ya yi suna wajen musanya farkon kalmomi, har Turawa suka laƙaba wa irin wannan kuskure sunansa. A cikin Sahihu Muslim ma akwai hadisin mutumin nan da raƙumarsa ta ɓace masa a daji da guzurinsa a kanta, har ya fid da rai, sai ga ta tsaye a gabansa. Da ya tashi gode wa Allah, sai ya juya maganar, ya sa bawa a wurin Ubangiji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa tsananin murna ce ta sa shi kuskure.

Abubuwan da ke yawaita tuntuɓen harshe sanannu ne: gajiya, rashin barci, yunwa, fushi, tsoro, murna, da yin abu biyu a lokaci guda. Wanda ya yi sammako ya ɗauro kaya zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, bai karya ba, ga rana, ga mutum biyar suna taya masa kaya lokaci guda, in bakinsa bai suɓuce ba ai shi ne abin mamaki. Babbar alamar da za ta kwantar maka da hankali ita ce wannan: kai da kanka kana jin kuskuren, ka yi dariya, ka gyara nan take.

INDA KUSKUREN KE CIN KUƊI

Amma fa kada mu ce tunda ba ciwo ba ne shi ke nan. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A kasuwa, suɓul da baka asara ce. Mutum ya so ya ce saba'in ya ce sittin, ko ya so ya ce "albarka" ya ji bakinsa ya ce "na sallama", ga shaidu kuwa sun ji. Daga nan sai rigima, sai gaban sarkin kasuwa.

Ku mutanen Shinkafi da Zurmi kuna da ƙarin dalilin yin hattara, saboda kuna ciniki da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, harshe ɗaya amma lissafi biyu. A bakin tsofaffin 'yan kasuwarmu jaka ɗaya fam 100 ce, wato Naira 200, tun daga 1973 da Naira ta maye gurbin fam. A Maraɗi kuwa jikka ɗaya sefa 1,000 ce, dala ɗaya kuma sefa 5. Bamaraɗe in ya ce maka ashirin, yana iya nufin dala 20, wato sefa 100. Ga kuma al'adar da ta shigo ta yanke "dubu" daga lissafi, a ce "talatin" alhali dubu 30 ake nufi.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Kafin ka sallama, ka maimaita kuɗin cikakke, da dubunsa da ɗarinsa, da sunan kuɗin, Naira ko sefa. Ka sa mai saye ya maimaita. Ka faɗi ma'aunin, tiya ce ko buhu. In cinikin babba ne, kamar na sa ko raƙumi, a yi shi gaban dillali da shaida, in bashi ne kuma a rubuta. Sauri ya haifi nawa.

WANDA BA KUSKURE BA NE SAM

Akwai kuma juyin magana da ba kuskure ba ne ko kaɗan, karin harshe ne. Bakano ya ce aure, Bakatsine ya ce amre, a ƙasar Sakkwato da Zamfara ka ji arme. Haka ɗaure da ɗamre da ɗarme, ko saurayi da samrayi da sarmayi. Masana Hausa sun nuna cewa amre ce tsohuwar sigar. Kanawa suka sassauta "m" ta koma "u", mutanen yamma kuma suka juya haruffan biyu. Mutumin Zurmi da ke maƙwabtaka da Jibiya yana jin duka ukun a kasuwa ɗaya. Haka nan wani ya ce bagaruwa wani ya ce gabaruwa, wani tawada wani tadawa, wani hawainiya wani wahainiya. Ƙauran Namoda ma tun 1929 da titin jirgin ƙasa ya iso ta daga Zariya ta zama mahaɗar baƙi, kowa da irin Hausarsa. Saboda haka in ɗanka ya je makaranta aka yi masa dariya don ya ce arme, ka gaya masa Hausar iyayensa ce, ba ta da aibu.

Sai kuma zaurance, wanda 'yan mata da samari kan yi da gangan, su juya gaɓoɓin kalma ko su cusa wani sauti a tsakani don kada na gefe ya gane. Da wasan kakkarya harshe na yara, irin su jera ƙato da kwaɗo da ƙoto da sauri. Waɗannan duk wasa ne, kuma mai lafiyayyen kai ne yake iya su.

IN'INA

Yanzu sai Malama ta Ƙauran Namoda. Ki kwantar da hankalinki. In'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, lokacin da yaro yake da abin faɗa da yawa amma bakin bai gama ƙwarewa ba. A cikin yara 100, kamar 5 sukan yi ta na wani lokaci, kuma mafi yawansu takan bar su da kanta. A cikin manya kamar mutum 1 ne a cikin 100 ke da ita. Ta fi yawa ga maza, kuma takan bi jini, shi ya sa za ki ga gida ɗaya da kaka da jika duk suna yi.

In'ina ba daga linzamin harshe take ba, don haka askar wanzami ba ta warkar da ita. Abin da za a samu kawai shi ne zubar jini da haɗarin shigar ƙwayar cuta. Duka da tsawa kuwa ƙara ta suke yi. Abin da za ki yi shi ne ki saurare shi har ya gama, kada ki ƙarasa masa magana, kada ki ce masa "yi sauri". Ke da kanki ki riƙa yi masa magana a hankali. Ki hana yayyensa kwaikwayonsa, ki kuma sa mahaifinsa ya yi wa malamin makarantar allo bayani, don kada a ɗauka ƙin karatu yake yi. Idan ta wuce wata 6 tana ƙaruwa, ko kika ga yana runtse ido yana yaƙi da kalma, ko ya fara gudun magana, to a kai shi likita ya duba shi, har da jinsa. In'ina ba ta rage wa mutum basira. Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Allah a kan nauyin harshensa kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, kuma shi ne aka aika wa Fir'auna.

NA ASIBITI

To, mun zo kan wasiƙar Zurmi, wadda ita ce mai nauyi. Bambancin abin da ya sami Baba da na Alhaji na Shinkafi shi ne, na Baba farat ɗaya ya zo wa mutumin da jiya yake magana daidai, ya kasa gyara kuskuren, ga kuma nauyin hannu. Wannan alama ce ta cutar shanyewar ɓarin jiki.

Ga yadda abin yake. A jikin mafi yawan mutane, wurin da ke sarrafa magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma wannan ɓangaren ne ke juya hannu da ƙafar dama. Wani likita Bafaranshe, Paul Broca, shi ya nuna haka a 1861, bayan ya duba wani majiyyaci da ya shekara da shekaru ba ya iya faɗin komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake gaya masa. Da mutumin ya rasu aka duba, sai aka ga lahanin a gaban ƙwaƙwalwarsa ta hagu. A 1874 kuma wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana wani nau'in: majiyyaci yana ta zuba magana ba tsayawa, amma kalmomin a cakuɗe, shi kuma bai san a cakuɗe suke ba. Irin wannan ne mutanenmu suka fi ɗauka taɓin hankali ne ko aljanu.

Abin da ke jawo shi jini ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wannan wuri, ko kuma jijiyar ta fashe. Kamar fadama ce da aka datse wa ruwa: in an buɗe da wuri shuka ta farfaɗo, in an daɗe ta ƙone. Wani lokaci toshewar takan buɗe da kanta cikin mintoci ko 'yan sa'o'i, mutum ya warware kamar ba a yi ba. Ga dukkan alamu abin da ya sami Baba ke nan. Amma warwarewar ba waraka ba ce, gargaɗi ne, domin haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a cikin 'yan kwanakin da ke biye.

Ku riƙe abu 4, jama'a: fuska, hannu, harshe, hanzari. Ka ce ya yi murmushi, ka duba ko baki ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka duba ko ɗaya yana saukowa. Ka ce ya faɗi sunansa da sunan garinsu, ka ji ko maganar ta fita daidai. In ɗaya daga cikin ukun nan ya samu, to sai hanzari. Ka lura da lokacin da abin ya fara, ko da da lokacin salla ne, domin likita zai tambaya. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma sai cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ko babu ita, zuwa da wuri yana ceton rai, don za a auna jini da sukari, a kula da numfashi da haɗiya. Ku fara da babban asibitin da ya fi kusa, na Zurmi ko Shinkafi ko Ƙauran Namoda. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mun san halin rashin tsaro da hanyoyin yankinku suka shiga a shekarun nan. Shi ya sa in abin ya faru da rana, kada a tsaya shawara har dare ya yi.

Kada a ɗura masa ruwa, ko kunu, ko rubutu, ko jiƙo. Cutar takan taɓa maƙogwaro, abin da aka ɗura sai ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin ko wani magani daga kemis, domin in jijiya ce ta fashe, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga. Addu'a kuwa a yi ta, a cikin mota ma ana yi, ba ta hana tafiya.

Akwai wasu cututtukan da kan rikita magana farat ɗaya. Mai ciwon sukari da ke shan magani, in sukarin ya faɗi ƙasa, musamman da azumi ko bayan aikin gona, sai ka ga gumi da rawar jiki da shirme. In an san yana da ciwon, baki bai karkace ba, kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari sannan a kai shi asibiti. Zazzaɓi mai zafi da sambatu da sanƙarewar wuya kuwa, a yi tunanin sanƙarau, musamman daga hunturu zuwa bazara. Ba ku manta ba, annobar sanƙarau ta 2017 da ta kashe mutum fiye da 1,000 a Najeriya, a ƙaramar hukumar Zurmi aka fara ganinta a ƙarshen 2016. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro kan hau wa yaro ka. Sai matasa masu shan tramol da makamantansa wai don ƙarfin noma, su ma harshensu kan yi nauyi. Duk waɗannan na likita ne.

RIGAKAFI DA JINYA

Uwar wannan cuta ita ce hawan jini, kuma shi ba ya sallama. Mutum yana noma yana cin kasuwa, bai san yana ɗauke da shi ba. Wani babban bincike da likitocin Najeriya da Ghana suka buga a 2018, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna ciki, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a ƙasashenmu. Ya kuma nuna cewa ƙara gishiri a abinci yana ƙara haɗarin, cin ganye kuwa yana rage shi. Ganye dai ba ma sai kun saya ba, ga zogale, ga rama, ga alayyafo. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa ana auna shi, ko da ranar kasuwa ce in ya shigo gari. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aka samu haka, to akwai magana. Wanda aka ɗora wa magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a bar taba.

Idan kuma cutar ta riga ta kama wani naku, maganarsa ta tafi, ku sani hankalinsa na nan. Kada a riƙa maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin, kada a mai da dattijo yaro. A yi masa tambaya gajera wadda zai amsa da i ko a'a, mutum ɗaya a lokaci guda, a ba shi lokaci. Za ku ga abin mamaki: wani ba ya iya faɗin sunan matarsa, amma ya karanta Fatiha tiryan-tiryan, ko ya ƙirga daga 1 zuwa 10, saboda abin da aka haddace tun yarinta ta wata hanya yake fitowa. A yi amfani da wannan a riƙa jan shi da hira kullum. Yawancin sauƙin a watannin farko ake samunsa, amma wasu suna ci gaba da samu har bayan shekara.

To jama'a, a taƙaice dai, kuskuren da ka ji da kunnenka ka gyara, na dariya ne. In'inar yaro ta haƙuri ce. Amma maganar babba da ta rikice farat ɗaya, ko ta dawo daidai ko ba ta dawo ba, ta asibiti ce, kuma a ranar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da bakin masallaci da cikin gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.